Zafin da Na Sayar wa Sang-pil

Juma'a, 26 ga Yuli, bakwai saura kwata na safe

Ya buɗe ido.

Da wannan jimla mai kalma uku nake buɗe sabon babi a tarihin rayuwata, ni Pyo Du-ho, ƙaramin sojan ruwa, ma'aikacin ɗakin inji, wanda mahassada suka laƙaba wa suna Malam Ƙamus saboda yalwar kalmomin da aka hore masa. Saje Yeom, mai kula da lafiyar jirginmu, ita ta kawo bisharar muna karin kumallo. Ta ce saƙo ya iso daga asibitin da ke gaɓa: Ok Sang-pil ya farfaɗo, ya san sunansa, ya san sunan mahaifiyarsa, ya kuma tambayi inda silifas ɗinsa yake.

Mutumin da ke cigiyar silifas bai ɗaura niyyar barin duniya ba. Wannan hukuncina ne, kuma babu ɗaukaka ƙara.

Domin amfanin waɗanda za su tono littafin nan bayan shekara ɗari: Sang-pil sa'ana ne, rana ɗaya aka aske mana kai a sansanin horo, gadonsa na saman nawa. Jiya da tsakar rana zafi ya buge shi a bayan famfon mai, ya faɗi. Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi naɗe cikin jiƙaƙƙen zane, da ƙanƙara a wuya da hammata. Injin sanyin jirginmu kuwa yau kwanansa goma da yin murabus ba tare da sallama ba. Ni ne abokin aikin Sang-pil a lokacin. Ina kusa.

Ina kusa. Iyakar abin da alƙalamina ya amince ya faɗa ke nan.

Juma'a, uku na rana

Ma'aunin zafi a ɗakin inji ya nuna hamsin da ɗaya. Ban ci abincin rana ba. Ya buɗe ido.

Asabar, 27 ga Yuli, tara na safe

Saje Yeom ta tara mu a saman jirgi ta shimfiɗa sabuwar shari'a.

“Ku buɗe kunne, jaruman banza. Minti ashirin a ƙasa, arba'in a sama. Kofi biyu na ruwa da ƙwayar gishiri ɗaya kafin ka sauka. Wanda ya ce mini shi ba ya jin ƙishi, da mazurari zan ɗura masa.”

Daga nan ta ɗaga wani allo mai launukan fitsari guda takwas, wanda yanzu yake manne a makewayi, a daidai inda ido ba shi da mafaka. Launukan sun taso daga na ruwan sha'ir marar kauri har zuwa na baƙin romon waken soya.

“In naka ya kai na ƙarshen nan, kada ka tsaya sha'awarsa, ka rugo wurina. Gumi kuma ɗan'uwanku ne. Duk wanda ya ji ya ƙafe masa alhali yana cikin zafi, to ba ƙarfi ya ƙara ba, hanyar da Sang-pil ya bi ce ya kama.”

Doka ta ƙarshe ita ce aiki bibbiyu. Kowane minti biyar ka kira sunan abokin aikinka, shi kuma ya amsa. “Wanda aka kira bai amsa ba,” in ji ta, “a ɗauko mini shi, ko da a tsaye yake yana rawa.”

Ƙaddara ta haɗa ni da Samanja Gil da kansa, shugaban ɗakin inji, mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana dahuwa a cikin jirage har fuskarsa ta koma gindin tukunya. Da ya yi kiran farko, “Pyo!” sai na amsa da murya mai girgiza ƙusoshi.

Ya zare abin toshe kunnensa ya dube ni. “Kai, Ƙamus, kiranka na yi, ba gobara na ce ta tashi ba.”

Lahadi, 28 ga Yuli, ɗaya na rana

Wajibi ne in rubuta tarihin wani ciniki.

Ranar da farin wata ya fara cika a shekararmu ta gargajiya, kafin rana ta fito, cikin sanyin Fabrairu mai daskarar da majina, na leƙa gadon sama na ce a tausashe, da ɗan ƙarin da muke yi wa suna in muna kiran aboki, “Sang-pil-a.” Cikin magagin barci ya ce, “Mm?” Na ce, “Sayi zafina!” Ciniki ya faɗa. Kowa a ƙasarmu ya san dokar tun daga bakin kakarsa: wanda ya amsa sunansa a wannan safiya, shi zai ɗauki zafin bazarar mai kiran ya ɗora a kan nasa.

Sang-pil ya tashi yana jifana da matashi. Na tunatar da shi cewa kasuwar safiya ɗaya tak take ci a shekara. Ya ce kayan da aka sayar da yaudara ana mayar da su ko yaushe, kuma ranar da na amsa masa sunana, zafina ya dawo gida.

Wata biyar yana kira. Ya kira ni ina wanka. Ya kira ni da muryar Samanja. Ya taɓa toshe hanci ya kwaikwayi lasifikar jirgi. Ni kuwa ina amsa “kai”, ina amsa “Ƙamus”, ina amsa takalmi in an jefo, amma “Du-ho-ya” daga bakinsa bai taɓa samun ko tari daga wurina ba. Har sarauta na naɗa wa kaina: Ganuwar da Ba Ta Amsawa.

Yau wurin cin abinci Bang, mai dafa mana, ya zuba mini miyar kokwamba mai sanyi ya ce da ƙarfi, “A ba shi hanya, attajirin zafi ya iso! Ƙamus, tsakani da gaskiya, zafin mutum biyu a jikin mutum ɗaya? Ai ko injin jirgin nan ka sayar wa, sai ya kwanta.”

Ɗakin ya fashe da dariya, ta farko tun ranar Alhamis. Mutane suka yi ta yi har da hawaye, don yanzu an san yana raye, dariya ta halatta. Ni ma na yi, har da buga tebur. A rubuta cewa na yi dariya.

Talata, 30 ga Yuli, goma na safe

Laftanar mai bincike ya ba ni takarda ya ce in rubuta bayanin abin da ya faru. Tambaya ta huɗu ta ce: shin ka ji ya nemi taimako?

Na rubuta: Ƙarar inji ta yi yawa.

Ya juya takardar ya duba bayanta. “Kai da ka cika mini shafi uku don neman sabuwar safa, yau layi ɗaya?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, taƙaitawa ita ce ƙololuwar fasaha.”

Kalma biyar, kuma kowace ɗaya gaskiya ce. Ina ƙalubalantar duk wanda ya taɓa shiga ɗakin nan ya ƙaryata su.

Laraba, 31 ga Yuli, shida na yamma

Ƙodar Sang-pil lafiya lau. Ya sha kunun shinkafa kwano biyu. Na fita saman jirgi na yi wa teku jawabin godiya, ba ta amsa ba, ban kuma ga laifinta ba.

Alhamis, 1 ga Agusta, biyu na rana

Saƙonni sun iso daga majinyaci mai girma ta bakin Saje Yeom. Ga Bang: a ajiye masa rabonsa na kankana, ya san adadin yankan. Ga Samanja: a yafe masa barin aiki rabi. Ga ita kanta Saje: ƙanƙararta ta fi ta asibiti sanyi.

Ta naɗe takardar. Na tsaya ina gyaran igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

“Shi ke nan, ranki ya daɗe?”

“Shi ke nan. Kana jiran waƙar yabo ne? Je ka sha ruwa.”

Na sha. Launi na biyu a kan allo. Aƙalla wani ɓangare na jikina yana da tsarki.

Asabar, 3 ga Agusta, huɗu na yamma

Muna zaune a inuwar bindigar gaba cikin minti arba'in ɗinmu na hutu, da jiƙaƙƙen tawul a wuya, sai Samanja Gil ya ce Laftanar ya yi magana da Sang-pil ta waya.

“Ya ce bai kira kowa ba. Wai jiri ya ji, ya ce bari ya ƙarasa ɗaure ƙusa.” Ya yi tsaki. “Sakarai. To ga shi rahoto zai ce ya ɓoye ciwo, ya karya doka. Ranar Laraba za a aika. Na san yadda ake yi, a gaɓa za su bar shi yana share ofis har ya gama hidima.”

Na ce, “Ai gaɓa akwai injin sanyi, ranka ya daɗe.”

“Kai ba ka san abokinka ba? Ɗan masunci ne daga tsibirin Geoje. Ubansa ya tara masa duk mutanen unguwa ranar da aka ba shi jirgi. Ka sa shi sharar ofis, ka yanka shi da wuƙar katako.”

Ya ce bai kira kowa ba.

Ko dai ya manta, ko kuma bai manta ba. Na ɗora biyun a kan sikeli tun ɗazu, na kasa gane wanne ya fi nauyi.

Lahadi, 4 ga Agusta, bakwai na safe

Ƙarar inji ta yi yawa. Na sake dubawa. Har yanzu gaskiya ce.

Talata, 6 ga Agusta, biyar na yamma, daga gadon ɗakin magani

Ganuwa ta faɗi. Zan ba da labarin a sauƙaƙe, don manyan kalmomina sun narke tare da ni.

Jiya na yi wayon tsallake kofi biyu na ruwa, saboda kwana biyu ba abin da ke wuce maƙogwarona da daɗi. A minti na goma sha huɗu na ji kaina yana sara. Na shafa hannuna na ji shi a bushe ƙayau kamar takarda, tsikar jikina na tashi kamar mai jin sanyi, a ɗakin da ya haura hamsin. Samanja yana taku uku daga gare ni, ya ba ni baya. Na ce bari in kira shi.

Ban taɓa sanin suna yana da nauyi ba. Harshena ya zama busasshen kifi. Na tattaro duk abin da ya rage a ƙirjina, na tura, abin da ya fito bai fi kukan ƙyaure ba. Sau ɗaya na iya. Da za a ba ni jirgin nan kyauta in maimaita, da ban iya ba.

Ya juyo nan take. A ƙarar injin nan da ta yi yawa, ya ji.

Abin da na sani bayan haka shi ne fanka, da ƙanƙara a hammata, da Saje Yeom tana zagina cikin natsuwa tana ɗiga mini ruwan gishiri da cokali. Samanja yana tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu.

Na ce, “Sau uku.”

Saje ta ce, “Rufe baki ka haɗiye.”

Na ce, “Sang-pil. Sau uku ya kira ni.”

To, ga shi, littafi, tunda su sun ji kai ma ka ji. Ranar Alhamis ɗin nan inji ɗaya ne kawai ke aiki, kuma na zare abin toshe kunnena na dama saboda ƙaiƙayi. Daga bayan famfon mai na ji, “Du-ho-ya!” Na yi murmushi na ci gaba da goge ma'auni. Jim kaɗan na sake ji, a hankali. Na ce a raina, yau kuma da muryar tausayi aka zo. Na ukun da ƙyar ya fito, rabin sunan ma, na ce kai, yaron nan ya ƙware, ya kamata a ba shi lambar yabo. Sai shiru. Na bar shi ya kai minti goma don nasarata ta nuna sosai, sannan na zagaya in yi masa dariya.

Ana cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kunnena ya ji. Jikin wani ne ya biya.

Saje ta ajiye cokalin. Can Samanja ya mayar da hularsa ya ce wa Saje, “In ya iya riƙe cokali, a ba shi biro.”

Laraba, 7 ga Agusta, sha ɗaya na safe

Shafi biyu, babu kalma ko ɗaya da ta wuce gaɓa huɗu. Laftanar ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Ya janye rahoton farko. An zare mini kwana biyar daga hutuna, an kuma naɗa ni mai ɗaukar ruwa: jarka biyu, hawa da sauka, daga yau har mu isa gaɓa.

Na fito ina jin kaina sakayau kamar wanda aka cire wa ƙaya mai kwana goma sha uku. Ban san hukunci yana da sanyi ba.

A bakin tsani na ci karo da Samanja. Na sunkuyar da kai ina jiran tsawa. Ya karɓi kofi ya sha, ya goge baki.

“Ƙamus, matata ma tana sayar mini da nata. Shekara goma sha tara, duk safiyar cikar watan farko na shekara. In ina teku, waya take bugowa.”

“Kuma kullum tana kama ka, ranka ya daɗe?”

“Kama ni? Wa ya ce maka barci nake? Tun ƙarfe biyar nake zaune ina jira.” Ya miƙo mini kofin. “Ita ba ta jure zafi. Ni kuwa sana'ata ce. Wuce ka kai wa mutane ruwa, kana tsaye kamar sanda.”

Juma'a, 9 ga Agusta, uku na rana

A buga ganguna. Jirgin kawo kaya ya iso da ƙarfen gyaran da ake jira, kuma da ƙarfe ɗaya da minti goma injin sanyi ya janye murabus ɗinsa. Mazaje arba'in suka yi layi a ƙarƙashin ramin iska, baki buɗe, kamar 'yan tsaki. Bang ya yi kuka, ya ce albasa ce. Wani ya nemi bargo, aka kusa jefa shi teku.

Saje Yeom ta ce dokokinta suna nan daram, domin sanyin bai isa ɗakin inji ba. Jarkokina ma suna nan. Na naɗa wa kaina sabuwar sarauta, Sarkin Ruwan Teku Duka, amma ban sanar da kowa ba. Na ɗan ƙoshi da sarauta.

Litinin, 12 ga Agusta, takwas na safe

An gyara rahoto. Likita ya sa hannu. Sang-pil zai dawo jirgi.

An karanta masa bayanina ta waya. Saje ta ce da aka gama, sai ya tambaya ko Bang ya ajiye kankanar. Ni dai har yanzu ba saƙo. Na cancanci haka, kuma cancanta ba ta rage ɗaci.

Laraba, 14 ga Agusta, biyar na yamma, a tashar jirage

Yau ce ta ƙarshe cikin manyan ranakun zafi uku da al'adarmu ke ƙirgawa a bazara, saboda haka Bang ya dafa kaza sukutum ga kowane mutum, cike da shinkafa da saiwar magani ta ginsin, tana tafasa a kasko. Da zafi ake kashe zafi, in ji magabata, waɗanda na tabbata ba su taɓa shiga ɗakin inji ba.

Sang-pil yana tsaye a gaɓa da jakarsa tun kafin a ɗaure igiya. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya hau, ya sara wa tuta, ya sara wa Samanja, Bang ya rungume shi da ludayi a hannu. Da ya zo kaina sai ya ce, “Kai, matsa, ka tare hanya.”

A wurin cin abinci ya zauna daura da ni. “Malam, miƙo gishiri.” Na miƙa. “Wannan bawan, miƙo ruwa.” Na miƙa. Na shirya jawabin neman gafara mai sassa bakwai tun ranar Litinin, sai ga shi ko sashe na farko ya ƙi fitowa. Ya cinye kazarsa, ya ja rabin tawa, ban hana ba.

Na ce, “Me ya sa ka ce ba ka kira kowa ba?”

Ya tsotse ƙashi. “In ce na kira ka sau uku ka ƙi amsawa? A gaban Laftanar? Kowa ya ji na sake faɗuwa? Ina da mutunci, malam.”

“Ashe ka tuna.”

“Na tuna biyu. Na ukun a bayaninka na ji shi.” Ya ajiye ƙashin. “Na farkon ma da gaske zafin zan mayar maka. Na ga ka cire abin kunne, na ce yau na kama shege. Ina rufe baki sai ƙasa ta fara juyawa.” Ya ture kwanon gefe. “Na biyun ne ba wasa ba.”

Na ce, “Na sani. Yanzu na san nauyinsa.”

“An gaya mini. Wai sau ɗaya ka iya, kamar ɗan akuya.” Ya girgiza kai. “Rago.”

“To saƙo fa? Kwana ashirin, har kankana ta samu, ni ban samu ba.”

“In aiko saƙo da sunanka, Saje ta faɗa, ka amsa mata ita? In yi asarar kayana a banza?”

Ya miƙe ya ɗauki tirensa, ya nufi wurin wanki. Na zauna ina kallon romon da ya rage. Ɗakin cike yake da ƙarar cokula da surutun mutum arba'in da suka ga ƙasa bayan mako biyar. Ƙara ta yi yawa, wannan karon da gaske. Daga can bakin ƙofa, ba tare da ya juyo ba, ba kuma da ƙarfi ba, ya ce:

“Du-ho—”

“Na'am!”

Kujerata ta kife. Ban bari ya kai ƙarshen sunan ba. Ya juyo a hankali, da fuskar mutumin da ya yi wata shida yana dakon rana ɗaya.

“Sayi zafina,” in ji shi.

Na ce, “Na saya. Da na bana, da na baɗi.”

Bang ya buga ludayi a tukunya, ɗakin ya kaure da ihu. Samanja Gil bai ɗago daga kwanonsa ba, ya dai ce, “To attajiri, ɗauko jarka. Akwai mutane a ƙasa.”

Laraba, shida da rabi na yamma

Ya sami silifas ɗinsa. A ƙarƙashin gadona suke, inda na ajiye su. Tun ɗazu ya kira ni sau tara, ba don komai ba. Tara na amsa.